Lambar da Ba Ta Bar Tabo Ba

Zuwa ga Malama Aminatu, mai filin shawarwari.

Assalamu alaikum. Ɗiyata, ki taimake ni, don na rasa wanda zai saurare ni har in kai ƙarshen magana. A gidanmu da na buɗe baki sai kowa ya tuna yana da aiki. Ni tsoho ne daga wani ƙauye na ƙasar Garhanga. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, don ƙarami ne, kuma mai taurin kai irina ɗaya ne a cikinsa. Ban shiga lakwal, makarantar nasara, ba, ban san baƙin boko ko ɗaya ba. Abubakar tela ne ke rubuta wagga takarda, shi ne kuma ke karanta mini filinki in jarida ta zo hannunsa. Na ce masa ya rubuta yadda na faɗa. In kin ga magana mai santsi tasa ce, in kin ga mai ƙaya tawa ce.

Damuwata ita ce jikata ta daina zagina.

Kada ki yi dariya. Balki sunanta, ɗiyar babban ɗana, Allah ya jiƙansa. Tun tana koyon magana take ce mini tsohon miji, ragon ango, mai haƙori uku, ni kuma in ce mata mummunar amarya wadda ba ta iya dama fura ba. Ko da ta yi aure ba ta bari ba. Mijinta ya tafi biɗar kuɗi can bakin teku, gidansu kuwa bai fi taku arba'in da nawa ba. Kullum da hantsi sai ta zo ta dire mini ɗiyarta bisa tabarma, ta ce in riƙe tunda ba ni da sana'a sai gardama, ta wuce rijiya. Jaririyar watanta takwas, sunanta Saude. Ni na roƙa anka sa mata shi, sunan ƙanwata ne, shi ya sa nake kiranta ƙanwata. Haƙoranta biyu, nawa uku, mun kusa yin daidai. Gemuna ne abin wasanta.

Yau kwana tara ke nan ba a dire mini ita ba. Balki tana zuwa, ba ta fasa ba. Amma sai ta durƙusa daga nesa ta gaishe ni da ladabi kamar surukin da ba a saba da shi ba: ina kwana Baba, ina gajiya, Allah ya ƙara lafiya. Ɗiyar kuwa tana goye, an ɗaure ta da zane biyu, sai ɗan hannunta take miƙo mini ta bayan kafaɗar uwar. Wallahi da ta jefe ni da muciya ya fi mini sauƙi.

Ga abin da ya faru. Ƙyanda ta shigo garinmu bayan girbi. Ta kama jikan maƙwabcina Ayuba, amma kamu mai sauƙi: yaro na cin tuwonsa, ƙurajen ba su yi yawa ba, har yana korar kaji a tsakar gida. Na tambayi Balki ko an yi wa Saude lambar ƙyanda. Ta ce majo, babban malamin gidan likitanmu, ya ce sai ta cika wata tara. Na ce to ciwon zai zauna bakin gari ya jira ta cika wata tara ke nan? Na ce kuma alluran da ake ta yi mata tun haihuwa, ina shaidarsu? Na duba cinyar yarinya, sumul, kamar ba a taɓa ta ba. Balki ta ɗauko wani ɗan kati ta nuna mini. Na ce ashe takarda anka yi wa lamba, ba yarinya ba. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce tsohon miji ya fara haɗa jiya da yau.

Washegari da ta dire mini ita ta tafi, na saɓa Saude a kafaɗa, na ɗauki sandata, na nufi gidan Ayuba. Nufina ta ɗauki mai sauƙin tun yana nan, kafin mugun ya iso. Na kai ƙofar zaure, na yi sallama sau biyu. Kafin a amsa sai ga Balki ta dawo daga rijiya. Ta saki bidon ruwa, jarkar da ke kanta, ya faɗi ya kife, ta zo ta zare ɗiyar daga kafaɗata. Ba ta yi ihu ba. Ta dai dube ni irin duban da uwa ke yi wa buɗaɗɗiyar rijiya in yaro na rarrafe kusa da ita.

Yanzu gari duka an ce tsufa ya taɓa mini kai. To, ki ji inda na samo abin, sannan ki yanke.

An haife ni shekara biyu kafin farar da ta cinye gonaki, wadda tsofaffinmu ke lissafin shekaru da ita. Abubakar ya ce a ƙidayar nasara wajen dubu da ɗari tara da talatin ke nan. Ƙasarmu ta Adar da na buɗe ido a cikinta ba wagga ba ce. Duwatsun nan da kike gani tsirara, waɗanda anka zo daga baya ana haƙa musu ramu ana dasa itace, a lokacin akwai inda rana ba ta taɓa ƙasa. Barewa har bakin gona. In anka gama yankan gero, sai mu yara mu hau tudu muna kallon gabas, don mun san Fulaninmu na tafe. Kafin ki ga shanu kukansu za ki fara ji, sannan ƙanshinsu, sannan ƙahoni su ɓullo ta bayan dutse kamar kurmi ya tashi yana tafiya. Kowane gida da Bafulataninsa. Namu Manu ne, dogo, mai ido ɗaya, yana Hausa yana Fulatanci, in ya yi fushi sai ya gauraya su. Shanunsa su kwana gonar ubana Kalla su bar taki, mu kuma mu ba su gero, matarsa ta kawo nono wanda in kin tsoma ludayi sai ya tsaya da kansa. Shanu biyu na ubana suna cikin garkensa. Ban taɓa jin sun yi cacar baki a kansu ba. Kai, an yi mutane.

Ina da shekara tara ciwon huhu ya faɗa wa shanu. Sai ki ga saniya ta tsaya ta buɗe ƙafafu, ta miƙe wuya, tana tari kamar tsoho, kwana kaɗan ta faɗi. A gonarmu Manu ya yi abin da ban manta ba. Ya yanka wadda ciwon ya kama, ya ciro huhun, ya yanyanka inda ya ɓaci ƙanana kamar wake, ya zuba cikin ƙwarya da nono da dusa, ya rufe kwana biyu. Ya ce sai an gajiyar da ciwon tukuna. Rana ta uku anka kayar da masu lafiya ɗaya bayan ɗaya. Ya tsaga bisa doron hanci da aska, ya cusa ɗan huhun ƙarƙashin fata, ya danne da babban yatsa. Ubana ya ce, Manu, da hannunka za ka sa wa dukiyarka ciwo? Manu ya ce jini ba ya manta fuskar wanda ya taɓa yin kokawa da shi, gara su yi kokawar a hanci, nesa da huhu. Bayan kwanaki hancin ya kumbura, ya ɗora ƙarfe a wuta ya zagaye kumburin don kada ya hau kai. Har yau in anka babbake kan rago, gonar nan nake tunawa. Wurin ya warke ya bar wani tudu mai tauri, mu yara muna ce musu masu ƙaho uku. Cikin shanu arba'in, uku ne sunka mutu, kansu ya kumbura. Garken da ya sauka gonar da ke gefen tamu, wanda mai shi ya ƙi, saura bakwai ya kora zuwa arewa, yana tafe yana kuka kamar mace. Masu ƙaho uku kuwa, ciwon ya sake dawowa bayan shekara biyu, sunka sha ruwa kwami ɗaya da masu tari, ko atishawa.

Wannan shanu ke nan. Na mutane ya zo lokacin babban yaƙin nasara, sa'ad da tufa ta yi wuya har anka koma saƙi, ana kuma tilasta mana zuba gero a rumbunan kumandan, Baturen da ke mulkinmu. Ina da kamar shekara goma sha huɗu. Agana ta taso daga wajen garin Buza, gari gari, tana barin makafi da sabbin kushewu. Yayar ubana, wadda kowa ke kira Gogo, ita ta tara iyaye. Tsohuwa ce 'yar firit mai taba a baki, amma in ta yi magana mai gari ma gyara zama yake. Ta tafi da ƙafarta ƙauyen da ciwon ya riga ya shiga, ta bi gida gida tana neman wanda nasa ya zo da sauƙi, mai ƙuraje jefi-jefi, wanda bai bar cin abinci ba. Ta samo ruwan ƙurjin a bakin ƙayar aduwa. Anka yi mana bukkoki can bayan gari, cikin gonar da anka girbe, mu ashirin da uku. Ta bi mu ɗaya ɗaya tana karce mana hannu, nan ƙasa da gwiwar hannun hagu.

Ƙanwata Saude, mai sunan, tana da shekara biyar, ta ga ƙaya ta ruga ta ɓoye bayana. Ni na lallashe ta. Ni na riƙe hannunta na miƙa wa Gogo, na ce mata ba zafi, dubi nawa.

Kwana ashirin da wani abu munka yi a bukkokin nan. Iyaye su ajiye kunu bisa wani dutse su koma, su tsaya nesa suna kiran sunayenmu, mu amsa. Kowace safiya Gogo ta bi mu tana laluben hammata. In ta ji kaluluwa ta fito, jiki ya yi zafi, wurin karcen ya ɗuri ruwa, sai ta tofar da taba ta ce alhamdu lillahi, ta kama. Wanda tasa ba ta kama ba, sai a sake masa. Zan gaya miki abin da ba na gaya wa kowa: bayan zazzaɓin ya sauka, kwanakin nan suna cikin mafi daɗi a rayuwata. Ba aikin gona, ba aike, ba duka. Muna gasa fara, muna gwada ƙurajenmu wa ya fi wani, Gogo tana ba mu labarin mutanen da da rana tsaka. Mu ashirin da ɗaya munka koma gida da ƙafafunmu. Wani yaro ɗan gidan maƙera bai tashi ba, Saude ma nata ya fito mata da yawa har cikin baki, ba ta tashi ba, kwananta ne ya ƙare. To. Amma ƙauyen da ke hayin kwarinmu, waɗanda ba su yi ba, sai da anka rasa masu haƙa kabari. Tabona yana nan, faɗin tsohon kuɗin ƙarfe, Abubakar na kallonsa yanzu. Na yi jinyar masu agana daga baya da hannuna, ba ta ko dube ni ba.

Shekara ta zagayo sai ga masu lambar nasara, bisa dawaki, da gardi biyu, dogaran kumandan, da wani akwati. Uwaye sunka ɓoye ɗiyansu cikin rumbuna. Waɗanda anka kama anka karce su da 'yar wuƙa, anka shafa abin da ke cikin akwatin. Wasu tasu ta kumbura ta bar tabo. Da yawa kuwa ko ƙaiƙayi, kwana uku wuri ya shafe. Da agana ta dawo da rani, cikin waɗanda ba su da tabon nan ta ɗiba. Tun daga ranar kowa a ƙasarmu ya san lambar da ba ta bar tabo ba, ba lamba ba ce. Ba a littafi na karanta ba, gawa na ɗauka.

Duk waɗanda munka kwana a bukkokin nan sun tafi, ni kaɗai na rage. In na ce Manu, ba wanda ya san Manu. In na ce Gogo, sai a ce wace Gogo. Ɗiyata, ki raba mu gardama, kuma ki rubuta a jarida don a karanta wa Balki. Na yi kuskure da na so ƙanwata, jaririyar nan, ta yi kokawa da ƙaramin ciwo kafin babba ya zo? Allurar da ba ta bar shaida ba, ta yaya zan san ta kama? Ba na neman a ba ni haƙuri. Tabarmata kawai nake so a sake dire mini yarinya a kai. Da hantsi ina shimfiɗa ta har yanzu, sai in zauna gefe guda in bar wurinta.

Naki,
Tsoho Mai Tabo, ƙasar Garhanga.

AMSA

Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Abu na gaggawa tukuna, shi ya sa ban jira jarida ba, na ba direban da ya kawo takardarka kwafin wannan amsa. Kada Saude ta kusanci gidan Ayuba, ko duk gidan da ƙyanda take. A gaya wa majo cewa an kai ta har ƙofar zauren, da ranar da aka kai ta. A sa mata ido har mako uku daga ranar: in an ga zazzaɓi, tari, majina ko jan ido, a tafi gidan likita a ranar, ba washegari ba. Uwar ta ci gaba da ba ta nono sosai.

Yanzu gardamarku. Baba, kanka lafiya lau yake. Abin da Manu ya gaya wa mahaifinka a gona, shi ne aka koya mana a makarantar aikin likita da kalmomi masu tsawo. Jiki yana da garkuwa, kuma garkuwar tana da tunani.

Fata ita ce dangar gida. Majina, hawaye, yawu da tsamin ciki su ne masu tsaron ƙofofi. In ƙwayar cuta ta tsallake su ta shiga, akwai fararen ƙwayoyi a cikin jini, waɗanda ɓargo ke haifarwa, da ke rugawa wurin su far wa duk baƙon da ba su sani ba. Kumburi, ja, zafi da mugunya duk alamun wannan faɗa ne. Amma waɗannan na farko ba su da dabara, ƙarfi kawai gare su. Sai su ɗauki guntun abokin gaba su kai shi wasu ƙananan zauruka da ke hammata, wuya da matsematsi. A can ake nazarin kamanninsa, a ƙera makamin da ya dace da shi shi kaɗai, a yi ta ƙera irinsa. In zauren ya cika da aiki sai ya kumbura. Ita ce kaluluwar da Gogo ke lalube, kuma ta yi gaskiya da take cewa ta kama. Aikin yakan ci mako ɗaya zuwa biyu, kuma a wannan tsakani ne ciwo ke kashe wanda zai kashe. In an ci yaƙi, yawancin mayaƙan sai su watse, amma wasu kaɗan su zauna shekara da shekaru ba su da aiki sai tuna fuskar nan. Su ne tsofaffin jiki, irinka. Ranar da ciwon ya dawo, ba a sake jiran mako biyu.

To ina kuskuren? Wuri uku.

Na farko, ƙyanda ba ta da ƙarama da babba. Iri ɗaya ce. Sauƙin da ka gani ga jikan Ayuba daga jikin yaron yake, ba daga ciwon ba: ya girmi Saude, yana da ƙarfi, wataƙila ma an taɓa yi masa allura. Abin da ya bar shi yana korar kaji zai iya sauka a huhun jaririya 'yar wata takwas, ko ya tsinke mata ciki, ko ya taɓa mata ido. Kuma ba ta hannu take shiga ba, nesa da huhu, yadda Manu ya so. Ta numfashi take shiga kai tsaye, ba a gajiyar da ita a ƙwarya ba, ba kuma ƙarfen da za a zagaye ta da shi. Ga wani mugun halinta da na san zai dame ka fiye da kowa: tana kashe waɗancan masu tunawa. Yaro ya warke daga ƙyanda, amma jikinsa ya manta cututtukan da ya riga ya koya, ƙananan ciwo su yi ta kayar da shi wata da watanni. Ciwo ne mai shiga gari ya fara da tsofaffi.

Na biyu, tabo da maganar allura. Lambar agana a fata ake dasa ta, dole ta yi ƙurji in ta kama. Ta masu akwati ma daga wani ciwo mai sauƙi ne, ɗan'uwan agana, da ake reno a jikin maraƙi, amma doguwar tafiya cikin zafin rana takan kashe ta kafin ta iso ƙauye. Don haka dokarku daidai ce a zamaninta, ga wannan lamba. Alluran cinya kuwa cikin tsoka suke shiga, can ake kokawar, fata ba ta da labari. Ka tambayi Balki ko Saude ta yi ɗumin jiki da rigima bayan an yi mata su. Yawancin yara suna yi, wannan ita ce kaluluwarsu. In kuma sai ka ga tabo, duba hannunta da kyau: allurar tarin fuka da ake yi bayan haihuwa takan bar ɗan tabo ga mafi yawan yara. Ita allura dabarar Manu ce aka gyara: a gajiyar da ciwo har ya kasa kisa, ko a kawo guntunsa kawai, jiki ya ga fuska ba tare da ya sha sara ba.

Wata tara ma da dalili. Jariri yana fitowa da makaman da uwarsa ta ba shi tun yana ciki. Suna kare shi, amma suna ƙarewa a hankali, kuma in an yi allurar ƙyanda suna da sauran ƙarfi, sai su kashe ta kafin jikinsa ya koyi komai. Sai dai tambayarka tana kan hanya, ciwo ba ya jira. In ƙyanda ta shigo gari, akan yi wa yara allurar tun kafin wata tara, a sake daga baya. Majo ne zai yanke, amma a tambaye shi cikin makon nan.

Na ukun, Baba, ka yi mini haƙuri. Ka ba ni labarin hancin shanu dalla-dalla, ka ba ni na ƙanwarka Saude marigayiya a layi ɗaya, ka ce to, ka wuce. Kwana na Allah ne, ba mai ja. Amma mutumin da ya wuce abu ba ya roƙon a sa wa jaririya sunan bayan shekara sittin da wani abu. Ba laifinka ba ne. Yaro ne kai, ka riƙe hannun ƙanwarka don ta rayu, kuma da ba a yi ba wataƙila da ku duka kun tafi. Gogo ba ta da abin da ya fi ƙaya, ta yi amfani da ita, ta ceci ashirin da ɗaya, Allah ya saka mata. Amma biyun nan su ne farashin hanyarta, kuma yau ba a bukatar biyansa. Da an miƙa wa Gogo abin da zai fitar da yara ashirin da uku cif daga bukka, kana jin za ta koma neman ƙayar aduwa?

Balki, na san za a karanta miki. Kin yi daidai da kika ɗauke ɗiyarki, kuma ko gobe ki sake. Amma ya yi miki tambaya ta gaskiya kin ba shi dariya da kati. Ki zauna ki ji labarin mai sunan ɗiyarki, ina jin ba ki taɓa jin sa duka ba. Mutumin nan ba rijiya ba ne, tsoro ne ya saɓa masa yarinya a kafaɗa, irin wanda ya sa kika saki bidonki.

Shawarata, Baba: kai za ka fara. Ka taka taku arba'in ɗin nan, ka ce mata ka yi kuskure, ka yi alkawari ba za ka kai Saude ko'ina ba sai da saninta. Ban ce da sauƙi ba. Sannan ranar allura ku tafi tare, kai za ka ɗauke ta. Ka nuna wa majo tabonka, ƙila bai taɓa ganin irinsa ba, don agana ta ƙare a duniya kafin a haifi yawancin ma'aikatan yau. Ka yi masa duk tambayar da ka ga dama. In an zo yi, kai ka riƙe ta. Wannan karon kana iya ce mata ɗan zafi ne kaɗan, kuma ku koma gida tare.

Abubakar kuma ya sayi littafi ya rubuta Manu da Gogo da sunayen ashirin da ukun nan tun kana iya jero su.

Kada ka naɗe tabarma. Ranar da ka ji an ce mai haƙori uku ya matsa ya ba mutane wuri, ka sa a rubuto mini layi ɗaya. Allah ya raya Saude, ya jiƙan mai sunanta, ya bar mana kai.

Malama Aminatu